Abin da Takarda Ta Sha

Talata 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

A cikin firij ɗinmu, tsakanin kwanon ƙwai da rabin kabeji, akwai wani abu da aka ba ni amanarsa yau da safe, kuma ban san yadda ake riƙonsa ba.

'Yata ce ta yi shi. Farfesa muke ce mata tun tana 'yar shekara shida, ranar da ta gyara wa likitan haƙori lissafin haƙoranta. Yanzu shekararta sha shida. Jiya da ta dawo daga makaranta ta mamaye teburin cin abinci. Ta dafa wani farin gari da ruwa, ta zuba a robar sabulu, ta tsayar da wani mashaci da ta yanka daga tsohon kati a ciki. Da abin ya daskare ta zare mashacin, ya bar ramuka shida a jere. Ta jiƙa alewa masu launi, ta zuƙi ruwan da sirinji, ta ɗiga a kowane rami. Sai ta haɗa batir biyar, ta jona waya biyu. Sunan aikin ilektiroforesis. Sau uku na sa ta maimaita, don ina jin daɗin yadda take ɗaure fuska idan tana faɗa. Shi kuwa daskararren jel ake ce masa, kuma ya fi kama da kitsen da ya kwana a kwano.

Sau biyu ta kira ni in zo in gani. Ina ɗaki da littafi a hannu, na ce ina zuwa. Da na zo an gama.

Yau ba ta je makaranta ba. Ba zan rubuta yadda safiyar ta kasance ba. Tana asibiti, hawa na uku, gadon da ke kusa da taga, uwarta na tare da ita. Ana tura ta a kan gado mai taya ta kama hannun rigata ta ce, "Baba, jel ɗina. Ran ashirin da biyu ne baje kolin kimiyya. Kada ka bari ya lalace."

Na ce mata shekarata ashirin da huɗu ina gyaran tsofaffin littattafai a laburare, mutumin da ya ceto littafi mai shekara ɗari uku ba zai kasa da ɗan kwana ɗaya ba. Ta yi murmushi. Ma'aikaciyar jinya ta ce in saki gadon.

Yanzu na buɗe firij na dube shi da kyau. Layi shida, kowanne ya taso daga raminsa. Koriyar alewa ashe ba kore ba ce: rawaya ya yi gaba, shuɗi ya tsaya a baya yana jan ƙafa. Mai launin ƙasa kuwa kashi uku ta rabu. Shekara hamsin da ɗaya ina ganin kore ina yarda da shi.

Laraba 5, ƙarfe bakwai na safe

Layukan sun yi kauri. Jiya bakinsu a yanke yake kamar da reza, yau kamar an shafa da yatsa.

Laraba, azahar

Na kira malamar kimiyyarsu. Ta fara da tambayar jiki, na ce da sauƙi, muka wuce wurin da sauri.

"Malam, launi ba ya zama wuri ɗaya," in ji ta. "Ko an cire batir tafiya yake yi, sai dai a hankali, kuma ta ko'ina. Nan da kwana uku za ka ga kamar an zubar da lemo."

"To in ɗauki hoto mana."

"Ka ɗauka. Amma alƙalan ba sa karɓar hoto shi kaɗai. Bara yara uku daga makarantu uku suka kawo hoto ɗaya, kowa na rantsuwa shi ya yi."

Na tambaya ko ana busarwa. Ta ce ta ji wasu na yi, ita dai ba ta taɓa ba. Nan na ji kafaɗata ta miƙe. Busarwa! Ai an shigo gidana. Na karanta yadda mutanen da suke adana gawar sarakunansu da gishiri, na karanta yadda ake ajiye fure a cikin littafi ya fi mai tsinkarsa daɗewa. Jiƙaƙƙen abu ba baƙona ba ne.

Na ɗauki hoton. Babban yatsana ya fito sarai, jel ɗin kuma yana can baya kamar ɗan rakiya.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi

Na kai shi wurin aiki a cikin kula. Dogo, wanda ke yi mana bangon fata, ya leƙo ya ce, "Yau kuma kitse muke ɗinkewa?" Na ce ya koma wurin fatarsa, wannan aikin masu ilimi ne.

Yadda muke yi wa littafin da ruwa ya ci haka na yi masa. Gilashi a ƙasa, jel a kai, takardar tsotse ruwa guda goma a samansa, katako, sannan na sa su a matsar ƙarfen da muke danne littattafai da ita, na juya ta a hankali har na ji ta kama. Wannan ne abu na farko tun jiya da na san yadda ake yinsa.

Daga nan asibiti. An sa mata ruwa a hannun hagu. Ba ta buɗe ido sosai ba ta ce, "Baba, suna nan?"

"Suna nan."

Alhamis 6, ƙarfe takwas da kwata na safe

Na kwance matsar.

Jel ɗin ya zama kamar ɓawon albasa, siriri, ana ganin yatsa ta cikinsa. Babu launi. Ko ɗigo.

Na daɗe a tsaye kafin na juya takardar farko. Suna can. Duka shidan, a jere, sai dai sun juya, na dama ya koma hagu, kamar yadda harafi ke fita daga injin buga littafi. Na ɗaga ta biyu, suna nan, sun ɗan koɗe. Ta uku. Ta huɗu. Ja ya gaji a ta huɗu, rawaya a ta biyar. Shuɗin nan da ya fi kowa nawa a cikin jel shi kaɗai ya kai ta bakwai, ɗan tabo kamar numfashi a jikin madubi. A dare ɗaya, cikin duhu, ƙarƙashin ƙarfe, babu batir babu mai kallo, suka tashi suka haura bene bakwai.

Na ce tsarki ya tabbata ga Allah. Sannan na tuna abin da na aikata.

A sana'armu takardar da ta sha tawada shaidar kunya ce. Ma'anarta ka matsa rubutun da bai kamata a matsa ba, ka kwashe shi daga inda mai shi ya ajiye. Ɗalibin wata uku ya san ana gwada tawada da ɗigon ruwa kafin a matsa. Ni ne ma nake koya musu. Ban gwada ba.

Dogo ya zo ya tsaya a bayana. Bai yi tsokana ba, abin da ya fi tsokanar ciwo. Na rubuta wa takardun lamba da fensir, don hannuna ya saba, na tura su can ƙasan durowa.

Alhamis, la'asar

"Baba, suna nan?"

"Suna nan."

Ban yi ƙarya ba. Ba ta tambayi ina ba.

Asabar 8, hantsi

A barandar asibiti na gaya wa uwarta. Ta dube ni irin kallon da ta yi mini ranar da na gyara mata dutsen guga ya daina zafi ya koma ba da haske.

"Baban Farfesa, ka faɗa mata."

"Ba yanzu ba."

"Yarinyar nan ba abin da take tambaya sai shi. Ko sakamakon jininta ba ta tambaya."

"Shi ya sa."

Ta gyara mayafinta ta ce ko na ci abinci. Na ce na ci. Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta.

Lahadi 9, ƙarfe uku na rana

Littafin aikinta yana kan tebur inda ta bar shi. Komai ta rubuta: awon gari, awon ruwa, rabin cokalin garin soda, baƙar waya a gefen ramuka, ja a can ƙarshe. A gefe ta rubuta, "Kada a juya su!" ta ja layi biyu. Sauran garin yana nan, alewar ma tana nan.

Na ce bari in gwada, don in fahimci abin da na lalata. Haka na gaya wa kaina.

Na juya su. Launukan suka fita ta baya, suka faɗa ruwa, cikin minti biyu an tashi kasuwa.

Litinin 10, ƙarfe biyar na yamma

Na sake. Wannan karon baƙa a wurinta, ja a wurinta.

Da farko ba komai sai 'yan kumfa ƙanana a jikin waya. Na ja kujera na zauna, na ɗora haɓa a kan tebur kamar yaro. Sai na ga koren ya leƙo daga raminsa. Ba a ganin tafiyarsa. Ka zuba ido, yana nan inda yake. Ka ƙifta, ya matsa. Can sai gabansa ya fara haske, bayansa ya fara duhu, tsakiyar ta sirance, ta sirance, ta tsinke. Biyu suka tsaya inda ɗaya yake. Babu hannun da ya taɓa su. Wani kira ne daga jar wayar nan wanda ni ba na ji, su kuwa kowa ya amsa gwargwadon nauyin jikinsa.

Minti talatin da biyar ban motsa ba. Shayina ya huce. Na karanta littattafai fiye da yadda ya kamata mai albashina ya karanta, ban taɓa ganin abu ya buɗe cikinsa a gabana haka ba.

Wannan ta kira ni in gani, sau biyu.

Talata 11, safe

Jikin ya tsananta, an sauya mata ɗaki. Ba su bari na shiga ba.

Laraba 12, azahar

Yau ma. Ta gilashin ƙofa na ga ƙafarta a ƙarƙashin bargo. Uwarta ta fito ta zauna kusa da ni. Wani mutum yana ta dukan injin sayar da ruwa.

Laraba, ƙarfe biyar

Na sake yin jel. Ya fi na shekaranjiya kyau.

Alhamis 13, ƙarfe biyar

Na sake.

Juma'a 14, ƙarfe shida saura

Likitan ya kira mu ofishinsa, ya juya biro a hannu, ya yi magana mai tsawo. Na lura agogon bangonsa yana gaba da minti huɗu, kuma an rubuta sunan wata ƙasa ba daidai ba a taswirar da ke bayansa. Uwarta ce ta yi tambayoyin.

Da na dawo gida na yi na biyar. Hannuna ya faɗa. Layukana yanzu a miƙe suke kamar an ja su da rula. Malamar kimiyya ta kira, na gaya mata gaskiyar abin da ya faru da na asalin, na kuma gaya mata abin da nake yi da yammacina. Sai ta ce, "Malam, idan aka kawo mini jel sabo ranar Asabar da sunanta a jiki, ni ba zan tambayi wanda ya ɗiga ba. Garinta ne, robarta ce, littafinta ne."

Na ce haka ne. Na ajiye wayar na wanke robar sabulun sau biyu.

Lahadi 16, hantsi

An mayar da ita gadon taga! Ta sha rabin kofin shayi, ta ce babu sukari, ta yi wa ma'aikaciyar jinya gardama a kan yawan ɗigon ruwan da ke sauka a minti. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, ku zo ku ɗauki 'yarku, ta fara duba mana aiki." Na fita baranda na tsaya kallon motoci na ɗan lokaci.

Da na dawo ta ce, "Baba, suna nan?"

"Suna nan."

"Gobe ka zo mini da hoto."

Litinin 17, la'asar

Na kai mata hoton na biyar. Ba yatsa a ciki, haske daidai. Ta karɓi wayar da hannun da ba allura, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta daɗe.

"Wa ya yi wannan?"

"Kamar yaya wa ya yi?"

"Baba, na huɗu a miƙe yake." Ta juyo mini da wayar. "Nawa ya karkace. Ina ɗigawa hannuna ya yi rawa, allurar ta huda ƙasan ramin, jan ya tsiyaya gefe. Tun ranar nake jin jiri, ban faɗa muku ba. Kuma kwana goma sha huɗu launi bai bazu ba? Ni za ka yi wa haka?"

Uwarta ta tashi ta ce za ta je neman ruwan zafi, ga fulas cike a hannunta.

Na faɗa mata duka. Gilashin, takardun, matsar, ɓawon albasar. Na faɗa mata abin da malamarta ta ce. Ina magana ina kallon ƙarfen gado.

"Wato ka matse shi kamar littafi."

"Kamar littafi."

"Ka gwada tawadar kafin nan?"

Ni na koya mata wannan, tana 'yar shekara tara, a kan teburin aikina. Na ce ban gwada ba.

Ta rufe ido. Na zaci kuka za ta yi, na shirya. Ta ce, "Sau nawa ka yi naka?"

"Biyar."

"Ka ga lokacin da koren ke tsinkewa?"

"Na gani."

"To." Ta buɗe ido. "Naka ba zai je ba. Ko ya fi kyau ba zai je ba. Ina launukana suka tafi?"

Talata 18, ƙarfe huɗu

Na fito da su daga durowa, na sa kowacce a rigar leda, na kai. Ta sa aka ɗaga mata kan gado, ta jera bakwai ɗin a kan bargo daga gwiwa zuwa ƙafa. Ga na huɗun nan a karkace, a juye, a kowace takarda har inda jan ya ƙare.

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikaciyar jinya ta zo auna zafi ta tsaya da abin awon a hannu. Matar gadon kusa ta miƙo wuya ta ce wane mai zane ne ya yi.

"Shuɗin ne ya fi nisa," in ji Farfesa a hankali. "A jel shi ne na baya. Me ya sa a takarda ya wuce su?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ban sani ba." Yadda ta faɗe shi, kai ka ce kyauta aka miƙo mata. Rabon da in ga wannan fuskar tun kafin ranar huɗu ga wata. "Kana da biro? Rubuta."

Awa ɗaya tana faɗa ina rubutawa, tana hutawa tsakanin jimloli. Sau biyu ta gyara mini waƙafi, ni da nake gyara wa matattun malamai littattafai. Da muka zo sashen da ake lissafa inda kuskure ya shigo, ta ce, "Na ɗaya, hannuna ya yi rawa a rami na huɗu. Na biyu, babana."

"Haka kawai? Ba bayani?"

"Bayanin yana shafi na uku. Rubuta."

Na rubuta.

Alhamis 20, ƙarfe biyar na yamma

Na ɗinke su. Zare mai kyau, takarda marar asid tsakanin kowace biyu, ɓawon albasar a aljihun bangon baya. Dogo ya yi bangon da kansa, ya ƙi yarda in taɓa. Ya ce, "Kai dai an ga aikinka."

Malamar kimiyya ta ce ba ta san ko alƙalan za su karɓa ba, doka ta ce jel. Na ce ga jel nan a aljihu, doka ba ta ce mai launi ba.

Juma'a 21, azahar

Ba za su sallame ta gobe ba. Ta ji, ta juya fuska wajen taga, ta ce in sa rigar da ba tabon gam.

Asabar 22, ƙarfe uku na rana

Babban zaure, tebura sun fi sittin, a bayan kowanne yaro ko yarinya cikin kayan makaranta. A bayan na arba'in da ɗaya, wani mai furfura. Yarinyar da ke kusa da ni, mai injin tace ruwa da yashi, ta tambaye ni ko maimaita aji na yi ta yi.

Tebur biyu sun kawo jel sabo, yana sheƙi. Na lura nasu ma ya fara kauri tun kafin azahar, na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Alƙalai uku ne. Babbarsu wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Malamar kimiyya ta yi mata bayani a kunne. Ta buɗe littafin, ta juya shafi ɗaya ɗaya da gefen yatsa, yadda ya kamata a juya, har na ji ina girmama ta. A ta bakwai ta ɗaga shi wajen haske. Ta zaro ɓawon albasar ta ɗora a kan takardar farko, ramuka shida suka hau kan layi shida daidai. Ta kira sauran biyun. Suka sunkuya su uku, suna magana ƙasa ƙasa, na ji ɗaya na cewa a ɗakin bincike ma haka ake kwashe abu daga jel zuwa takarda, sai dai da gangan.

"Wannan aikin yarinyar ne, ba shakka," in ji dattijuwar. "Wanda zai yi na jabu ba zai huda rami ba." Ta rubuta wani abu a takardarta, ta koma kan rahoton, tana bi da biro. Sai biron ya tsaya. Ta karanta a fili: "Na biyu, babana."

Ta dube ni ta saman tabarau.

"Kai ne?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Aikin me kake yi?"

"Adana abubuwa."

Ta cire tabarau ta goge ido, kafaɗunta na rawa don dariya. Da ta samu numfashi ta ce in gaya wa mai aikin tana son amsar tambayar shuɗin nan, a rubuce, da hannunta, baɗi.

Asabar, la'asar

Na isar da saƙon a bakin gado, kalma bayan kalma. Ba ta tambayi na nawa ta zo ba, ni ma ban tsaya jin sanarwar ba.

"Baɗi ta ce?"

"Baɗi."

Ta dubi uwarta, uwarta ta dubi taga. Farfesa ta ja bargo zuwa ƙirji ta yi lissafi da yatsu.

"To a sayo batir," in ji ta. "Naka sun mutu, na sani."